Alkama A Bakin Ƙofa, Fulawa Daga Bakin Teku: Kek Ɗin Tire Da Labarin Bakolori

Duk wanda ya yi makarantar firamare a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, ba sai an yi masa dogon bayani game da kek ɗin tire ba. Kek ne da ake gasawa shimfiɗe a faffaɗan tire guda, a yanyanka shi da wuƙa gida-gida, a jera a faranti a lulluɓe da farin ƙyalle, yarinya ta ɗauka ta tsaya da shi a bakin makaranta lokacin tara. Ba shi da ado, ba shi da hawa biyu balle uku. Ƙasansa yakan ɗan yi duhu, samansa ruwan zuma, ga gyaɗar ƙamshi tana tashi, ga kuma wani ɗan ƙauri-ƙauri na gawayi wanda babu obin ɗin zamani da zai iya ba shi. Ƙaninsa shi ne na gwangwani, wanda ake zuba ƙullunsa a gwangwanayen madara da aka yanke wa baki. Yaron da kuɗin tararsa bai kai ba, sai ya haɗa da abokinsa su sayi yanka ɗaya su raba.

'Yan shekarun nan wannan kek ya dawo, kuma abin mamaki ba daga hannun masu talla ya dawo ba. Daga gidajen 'yan boko ya ɓullo, wato malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na banki da ke zaune a Gusau da Sakkwato da Kaduna da Abuja. Bayan an ɗauki shekaru ana yayin dogayen kek masu rufin sukari kala-kala, waɗanda suka fi kyau a hoto a kan a baki, sai ga shi yau mace ta dawo daga ofis ta ɗaura zane ta ce kek irin na da za ta gasa wa yaranta, irin wanda uwarta ko kakarta take yi. Ana tura hotonsa a WhatsApp, ana tambayar juna awo, har a wasu gidajen ya sami gurbi a cikin kayan gara kusa da alkaki da nakiya da dubulan.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan bege. A Ingila ma akwai wani kek na tire da suke kira kek ɗin makaranta, mai farin sukari a sama da 'yan ƙwayoyin alawa masu launi, wanda ake ba yara a ɗakin cin abinci tun bayan da dokar ilimi ta 1944 ta wajabta wa hukumomi ciyar da ɗalibai. Lokacin kullen annobar korona a 2020, manya da suka ci shi suna yara suka koma gasa shi a gida, har fulawa ta yi wuyar samu a kantunansu. Sai dai akwai bambanci guda tsakaninmu da su, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Baturiyar da ta gasa nata, mafi yawan alkamar da ke cikinsa a ƙasarta aka noma ta. Ita kuwa 'yar'uwarmu ta Mafara, wadda gidansu bai fi tafiyar ɗan lokaci ba zuwa ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwa na ƙasar nan, garin da ke cikin nata kek jirgin ruwa ne ya kawo alkamarsa daga wata nahiya.

Kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san yadda iyayenmu mata suke wannan gashi, domin kuwa a nan fasahar take, kuma ita ce ke neman ɓacewa. Ba su da obin, ba su da sikeli, ba su da agogon girki. Babbar tukunya ake samu, a zuba yashin gulbi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsu uku, a ɗora a murhu a rufe har yashin ya ɗauki zafi sosai. Amfanin yashin shi ne ya karɓi zafin wuta ya rarraba shi daidai, kada harshen wuta ya taru wuri ɗaya ya ƙone gindin kek alhali cikinsa ɗanye. Wasu sukan ɗora 'yan duwatsu uku ko murfin tsohon kwano a kan yashin, don tiren ya ɗan ɗaga. Idan aka sa ƙullu sai a rufe da faifan ƙarfe, a kwaso garwashi a barbaza a kansa, wuta ta zama sama da ƙasa. Abin da littattafan girki ke kira digiri 180, su da tafin hannu suke gane shi: a kara hannu a bakin tukunya, idan an iya ƙirga kaɗan kafin a janye, to ta yi. Ba a buɗe tukunya a farkon gashi, domin iska mai sanyi tana shiga kek zai zauna, ba kuwa zai sake tashi ba. Idan ƙamshi ya cika tsakar gida sai a zari tsinken tsintsiya mai tsabta a soka a tsakiya. Ya fito a bushe, an gama.

Wahalar ta fi yawa wajen bugu. Bota da sukari ake sawa a kwano a yi ta juyawa da muciya ta ɓangare ɗaya, har su yi fari su yi laushi, abin da kan ɗauki rabin sa'a ko fiye, kuma galibi yaran gida ake jerawa suna karɓa-karɓa, ladansu shi ne lasar kwano. Iyayenmu ba su karanta kimiyya ba, amma abin da suke yi shi ne cusa iska a cikin mai ta hanyar gogayyar ƙwayoyin sukari, iskar da zafi zai kumbura ta daga baya. Shi ya sa idan aka zuba gari sai su ce a sassauta hannu. Wannan umarni na sassauta hannu, mai karatu ya riƙe shi, za mu dawo gare shi.

Gashi kansa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Ƙasar Zamfara da Sakkwato ƙasar hoce ce, wanda ake yi da garin dawa a gasa, matafiyi ya ƙulle a jaka ya yi kwanaki yana ci. Kano tana da gurasarta da tanderunta. Saboda haka lokacin da kek ya iso, ta hannun kukun Turawa da kuma darasin kula da gida a makarantun 'yan mata da kwalejojin horon malamai mata, hannun da ya saba da garwashi ya tarar. Abin da ya zo da shi sabo shi ne kayan haɗi: botar gwangwani irin su Blue Band, da sukarin kanti, da bekin foda, wanda wani mai haɗa magunguna a Birmingham mai suna Alfred Bird ya fito da irinsa a 1843, sai kuma uwa-uba fulawa.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe take sa ni tsayawa. Hausa tana da kalmomi biyu a kan abin da asalinsa ɗaya ne, wato alkama da fulawa, kuma kowace tana ɗauke da tarihin hanyar da ta biyo. Alkama daga Larabci take, ta shigo da "al" ɗinta manne a gaba, kamar yadda albasa da allura da alƙalami da alƙali suka shigo. Tun a 1947 masanin harshe Joseph Greenberg ya rarrabe kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu, ya nuna cewa masu irin wannan siffa galibi tsofaffin shiga ne, waɗanda suka biyo bakin fatake da cuɗanyar yau da kullum. Alkama ba ta zo ita kaɗai ba. Ta taho da danginta: alkaki daga "ka'ak" na Larabawa, wanda har yau Misirawa ke yin irinsa da ƙaramar Sallah, da gurasa daga kalmar da ke nufin abu mai faɗi da kewaye. Ita wannan alkama a ƙasarmu aka noma ta ɗaruruwan shekaru, a fadamu da rani, ana ban ruwa da jigo, ana ɓarza ta a dutsen niƙa a yi alkaki da funkaso. Abincin sarauta ce da attajirai da ranar biki, amma tamu ce.

Fulawa kuwa daga Ingilishi take, kuma kana jin ta ka ji aikin bakin Bahaushe. Bature ya haɗa "f" da "l" a farkon kalmarsa, Bahaushe da ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma ya raba su da wasali. Haka ya yi wa burodi, haka ya yi wa tire. A bakin mutanenmu na yamma, masu cewa hura da hili, sai ta koma hulawa, alamar ta zauna ke nan har karin harshe ya yi mata rajista. Shi kek ne kaɗai ya ƙi karɓar wasalin ƙarshe, ya tsaya a kan baƙi kamar baƙon da bai tuɓe takalmi ba, ko da yake wasu tsofaffi kyat suke ce masa. Ni dai ina zargin keke ne ya riga shi kama wurin. Kada kuma mai karatu ya yi gaggawar cewa kek da "ka'ak" uwa ɗaya uba ɗaya ne don ya ji sun yi kama. Kalmar Ingilishi daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai aka aro ta, kuma a wannan fanni kama da wane ba ta wane.

Abin lura shi ne yadda muka raba wa kalmomin biyu aiki ba tare da mun yi shawara ba. Idan mace ta ce a sayo mata alkama, tsaba take nufi, wadda za a auno da tiya a kasuwa, a wanke, a shanya, a kai niƙa. Idan ta ce fulawa, farin gari take nufi, na cikin buhun kamfani. Ba wanda zai ce ya shuka fulawa, ba kuma wanda zai ce kek ɗin alkama sai ya yi ƙarin bayani. Harshe ya rubuta abin da tattalin arziki ya yi mana: ɗaya ana noma ta, ɗaya ana sayo ta.

Yadda aka yi fulawa ta cika ƙasa ba ɓoyayye ba ne. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962, yana niƙa alkamar da ake saukewa daga jiragen ruwa, akasari ta Amurka. A farkon shekarun 1970 aka kafa wani a Kano. Kuɗin man fetur ya zo, Naira ta yi ƙarfi, burodi ya zama karin kumallon leburan birni da ɗan makaranta, mai shayi ya kafa teburinsa a kowace tasha. Gwamnatocin soja na lokacin suka ga kuɗin da ke fita, suka ce maganin abin shi ne a gina manyan madatsun ruwa a Arewa a noma alkamar a gida. Daga nan aka sami aikin Kadawa a Kano, da na kudancin Tafkin Chadi a Borno, da kuma namu na Bakolori.

An fara ginin madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. An tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, mafi yawa ta hanyar bututun feshi, saura ta magudanan ruwa. Dubban mutane aka tayar daga gidajensu da gonakinsu na gado a inda tafkin ya mamaye, aka mayar da su kan tudu. Waɗanda ke cikin filin aikin kuma aka hana su shuka damina bayan damina ana baje ƙasa da katafila, aka sare itatuwan da suka gada, diyya ta zo wa wasu a makare, wasu ba ta zo ba. Mutanen da ke gangaren gulbi, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadama, suka wayi gari ruwan ya ragu, shinkafarsu da kamun kifinsu suka ja baya. Da tura ta kai bango manoma suka datse hanyoyin shiga wurin aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Adadin da hukuma ta bayar kaɗan ne, wanda manoma da masu bincike suka kawo ya kai ɗaruruwa. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton wannan shekara sai an yi shiru.

Da wannan tsada aka sayi ruwan Bakolori. To, ina alkamar? A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Hujjarsu ita ce Nijeriya ta saba wa kanta da abincin da ba ta iya nomawa da yawa, sannan ta shiga tarko na biyu da ta ɗauka manyan madatsun ruwa za su fitar da ita, alhali kuɗin noman buhu ɗaya a irin waɗannan ayyuka ya ninka na sayo shi daga waje. Lokaci ya gaskata su ta fuskoki da dama. Bututun feshin Bakolori, masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga Turai, suka lalace ɗaya bayan ɗaya, filin da ake shayarwa ya tsuke ƙwarai, manoman da suka rage suka karkata ga shinkafa da masara da dankali da kayan lambu, domin su ne ke da kasuwa a kusa.

Sai kuma 1987, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama baki ɗaya, haramcin da ya kai har 1992. Tsarana za su tuna burodin wancan lokaci, yadda ya ƙanƙance ya yi nauyi, da yadda fulawa ta koma kayan fasa-ƙwauri da ake shigowa da shi ta kan iyakokin Nijar da Binin. A nan akwai wani abin da masu begen kek ɗin da ba su cika lura da shi ba. Shekarun da muke tunawa da daɗin kek ɗin tire, su ne daidai shekarun da fulawa ta fi wuya. Wata gwaggona a Bakura, wadda da wannan sana'a ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki, takan auno alkamar fadama ta kai injin niƙa, ta tankaɗe sau biyu, ta haɗa da ɗan abin da ta samu na fulawar kanti, wani lokaci har da garin masara mai laushi. Launin ruwan ƙasa da ɗan nauyin nan da ɗanɗano mai kama da gyaɗa da muke nema yau mu rasa, ba sirrin bota ba ne, ba kuma na filebo ba. Alkamar gida ce. 'Yan'uwanmu mata da ke gasa shi yanzu da farar fulawa zalla a obin ɗin gas suna cewa bai fito kamar na Inna ba, dalilin ke nan.

Yau ina aka kwana? Nijeriya tana shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a kowace shekara. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar game da noman 2021 ya nuna abin da aka noma a gida bai kai tan 40,000 ba. An yi ƙoƙarin cusa garin rogo a burodi zamanin Obasanjo, aka sake ɗaga maganar zamanin Jonathan, abin bai zauna ba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar da alkama a duniya, farashi ya tashi. Da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki Naira a 2023, ya sake tashi. Mai gasa kek don nishaɗi a Abuja za ta yi tsaki ta saya. Amma bazawarar da ke Maradun wadda tire biyu a rana ke ciyar da marayunta, ita lissafi ya ƙwace mata: ta rage girman yanka har ya koma kamar akwatin ashana, ta rage ƙwai, ta maye bota da man gyaɗa, daga ƙarshe ta kife tiren. Irin waɗannan mata ba sa cikin kowace ƙididdiga, domin sana'arsu a bayan katanga take.

Akwai wani abin da ya kamata mu 'yan wannan yanki mu faɗa wa kanmu. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, ƙananan hukumomin nan uku da ke kewaye da Bakolori kowace ta ba Jihar Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan. Gaskiya ne madatsar ta Gwamnatin Tarayya ce, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma gyaran da aka yi mata na baya-bayan nan ta shirin TRIMING ya zo, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, inda aka mayar da hankali ga gyara magudanai da sauya tsarin feshi. Amma iri da taki a kan kari, da ƙaramin injin niƙa mai tace dusa, da hanyar da manomi zai san wa zai sayar wa kafin ya shuka, waɗannan ba sai an je Abuja ba.

Sannan ga babbar masifar da ta danne komai. Alkama amfanin sanyi ce. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba don ta sami hunturu, a girbe ta wajen Maris, kuma tana son ban ruwa a kai a kai. Manomin da ke tsoron zuwa gona saboda 'yan bindiga, ko wanda sai ya biya haraji ga ɓarayin daji kafin ya girbe, ba zai zuba jarinsa a amfanin da ke buƙatar ya je kullum ba. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A Satumba aka rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako a jihar na wani lokaci, har da kasuwar da garin Mafara ya samo rabin sunansa daga ranar cinta. Makarantar 'yan mata, kwalejin noma, kasuwa: wurin da ake koyon gashin, da wurin da ake koyon noman, da wurin da ake auno tsabar, duka ukun aka taɓa a shekara guda.

Ba ina cewa Bakolori za ta ciyar da gidajen burodin Legas ba ne. Andrae da Beckman sun riga sun rufe wannan ƙofa, kuma ina ganin sun yi daidai. Magana ta ƙarama ce, kuma a nan ne umarnin sassauta hannu yake dawowa. Ƙorafin da masu gidajen burodi suka daɗe suna yi shi ne alkamar gida ba ta ba su irin tashin da suke so. Burodi yana buƙatar gari mai yawan sinadarin danƙo, wanda ake kira gulutin, shi ya sa ake murza ƙullunsa da ƙarfi don danƙon ya miƙe ya riƙe iska. Kek kuwa akasin haka yake so. Yawan danƙo taurara shi yake yi, shi ya sa iyayenmu ke hana a buga ƙullu bayan an zuba gari, shi ya sa kuma a ƙasashen Turawa ake ware gari mai ƙarancin danƙo musamman don kek. Ashe duk wani rauni da ake jingina wa alkamarmu a wajen burodi, ba ya aiki a kan kek da cincin da dubulan da alkaki da funkaso. Idan aka tara abin da gidajen Arewa ke kashewa a kan fulawar waɗannan abubuwa da Sallah biyu da lokacin bukukuwa, kasuwa ce da za ta iya riƙe manoman rani masu yawa, kuma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta daɗe tana fitar da irin alkama mai jure zafi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu malaman harshe. Duk wannan ilimi da na zayyana a baki yake. Littattafan girkin da ke hannun 'ya'yanmu da bidiyoyin da suke kallo, da giram da kofin Turawa suke magana, kuma da Ingilishi. Awon iyayenmu kuwa gwangwani ne da ludayi da tafin hannu da tiya, kalmominsu kuma su ne ƙullu ya yi ruwa, ya yi tauri, ya saki, ya zauna, wuta ta ci gindi. Har dabarar haɗa nono mai tsami da ɗan ruwan kanwa idan bekin foda ya yanke, wadda a kimiyyance hanya ɗaya ce da ta Alfred Bird, wato tsami ya gamu da kishiyarsa iska ta fito, ba na jin akwai ɗalibin da muka tura ya zauna da tsofaffin matan Mafara ya rubuta ta da kalmominsu. Muna ba da digiri a kan karin harshen Sakkwatanci shekara da shekaru, amma kalmomin madafa sun fi na fada saurin mutuwa, domin ranar da aka daina aikin ranar ake daina faɗarsu.

Ga wadda ke son gwadawa, ga awon gwaggona kamar yadda aka daidaita shi a gidanmu don matsakaicin tire. Gwangwanin madara biyu da rabi na garin alkama da aka tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi, gwangwani ɗaya da rabi na sukari, bota giram 250, ƙwai huɗu na gidan gona ko shida na kajin gida, ƙaramin cokali biyu na bekin foda, da rabin gyaɗar ƙamshi a goge. Garin gida ya fi fulawa shan ruwa saboda ragowar dusa, don haka a ƙara ludayi ɗaya na nono ko madara, a bar ƙullun ya huta kamar minti goma kafin a zuba a tiren da aka shafa wa mai. Wadda ke tsoron nauyinsa ta fara da rabi alkama rabi fulawa. Gashi minti 35 zuwa 40 ne, a tukunyar yashi ko a obin.

Alkamar an fi samun ta da sauƙi bayan girbi, daga Maris zuwa Afrilu. A tsince tsakuwa, a wanke, a shanya ta bushe ƙarau, domin mai danshi ba ta niƙuwa da laushi. A roƙi mai inji ya fara wuce da ɗan tsaki ya wanke bakin injinsa, in ba haka ba kek zai fito da yajin wanda ya riga ki layi. Kada kuma a niƙa fiye da abin da za a ci a mako uku ko huɗu, saboda garin gida yana ɗauke da man ƙwayar alkama wanda kamfani ke cirewa, kuma a zafin bazarar Zamfara ba ya daɗewa yake sauya wari. Dusar da ta rage a rariya a ba kaji.